Shere, Amurum ko Assop: wace tafiyar ƙafa ta fi dacewa da mai hutu a Jos?

Duk wanda ya je hutu Jos ya kwana biyu a masauki, da wuya ya iya kawar da ido daga duwatsun da suka yi wa garin zobe, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai sha'awar taka su ta motsa masa. Matsalar ita ce idan ya tambayi ma'aikacin masauki ko direban da ya ɗauko shi daga tasha inda ya kamata ya nufa, abin da zai samu jerin sunaye ne kawai, wato Shere da Riyom da Assop da gandun namun daji, kamar duk kanwar ja ce. Alhali kuwa waɗannan wurare sun sha bamban a nisa da wahala da irin abin da ido zai gani, kuma wanda ni na fi fifitawa, wato kurmin Amurum, ba kasafai ake ambatarsa ba. Na sha zuwa Jos daga Kano, wani lokaci ni kaɗai wani lokaci da iyali, na kuma yi zaɓen tumun dare fiye da sau ɗaya, shi ya sa nake ganin kwatanta su dalla-dalla zai yi wa mai shirin tafiya amfani.

Kafin a kai ga zaɓen wuri sai a fara duba wata, domin lokacin zuwa yana iya rushe zaɓe mai kyau. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, yayin da Kano ba ta kai mita 500 ba, kuma wannan tazara ce ta sa mutum zai iya yin tafiyar awa uku a ƙasa a can ba tare da rana ta gasa shi ba. Damina takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, Yuli da Agusta su ne tsakiyar marka, lokacin da falalen dutse ke yin santsi kamar an shafa masa sabulu, ga tsawa, wani sa'in har da ƙanƙara. Disamba da Janairu kuwa, waɗanda su ne watannin da yara ke hutu kuma akasarin iyalai ke samun sukunin tafiya, hazo ne ke rufe sararin sama, ciyawa ta bushe, an kuma ƙone daji a wurare da dama. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba shi ne lokacin da komai ke haɗuwa, ruwan sama ya ɗauke, ƙasa ba ta rabu da korenta ba, ƙoramu suna gudu, sama kuma garau. Abin lura shi ne yanayi ba ya shafar wuraren nan daidai wa daida: ladan hawan Shere yana ga hangen nesa, darajar Assop tana ga yawan ruwa, shi kuwa Amurum abin kallonsa na kusa ne, don haka ya fi su jure wa sauyin lokaci.

Tsaunukan Shere suna gabas da gari, kimanin kilomita 10 daga tsakiyarsa, kuma ƙololuwarsu da ta kai wajen mita 1,829 ita ce wuri mafi tsayi a duk tudun Jos. Kada adadin ya tsorata mai karatu, tun da ba daga bakin teku za a fara hawan ba. Abin da ke tsakanin matakin gari da ƙololuwa kimanin mita 600 ne kawai. Amma kuma kada ya raina shi, musamman idan iyakar hawansa a duniya shi ne Dala ko Gwauron Dutse, domin a Shere babu matakala, babu ƙarfen dafawa, akwai wuraren da sai an sa hannu an rarrafa tsakanin manyan duwatsu. Shere ba dutse guda ba ne, jerin tsaunuka ne masu ƙololuwa da yawa da hanyoyi da yawa, ciki har da wadda ke kaiwa ga duwatsun da ake kira Gog and Magog, wato Yajuju da Majuju, sunan da kan sa Bahaushe ya yi murmushi kafin ya fara haki. A gindin tsaunukan ne makarantar gwamnatin tarayya ta horar da matasa kan juriya da shugabanci take, wadda aka fi sani da Man O' War, kuma kasancewar an zaɓi wurin don horon jiki ya isa ya nuna irin ƙasar da za a taka.

Hawana na farko a watan Janairu na yi shi, da takalmin fata buɗaɗɗe mai sulɓin ƙasa. Matashin da ya yi mana jagora, ɗan ƙabilar Afizere da ke zaune a kewayen tsaunukan, ya dubi ƙafata ya ce, "Baba, wannan takalmin na zuwa masallaci ne, ba na dutse ba ne." Na ce masa, "Haba yaro, mu je dai, da shi na zagaye kasuwar Kurmi." Mun bi ta cikin gonakin da aka girbe acca, waɗanda aka shinge da ƙyarana, ya gargaɗi ɗana kada ya karya reshenta domin farin ruwanta yana cutar da ido, sannan muka fara hawa. Bayan kusan awa uku muka kai inda za mu kai, na juya don in ga Jos shimfiɗe a ƙarƙashina kamar yadda aka yi mini alkawari, sai na tarar da farin hazo kawai, ko madatsar ruwan Lamingo da ke kusa da ƙyar ake gane ta. Saukowa ta fi hawan wuya nesa ba kusa ba, domin tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, gwiwa kuma ita ke ɗaukar nauyin jiki duka, har a wani gangare na cire takalmin na riƙe a hannu na sauko da safa. Da na koma a watan Nuwamba na wata shekara da takalmin kambas mai kaushin ƙasa, sai na ga abin da ake faɗa, gari da madatsun ruwa da tsaunuka jere a bayan juna har iyakar gani.

Saboda haka Shere na mai ƙarfin gwiwa ne a ma'anar kalmar ta zahiri, wanda zai iya ba da yini guda tun daga asuba, ya ɗauki ruwan sha aƙalla lita biyu, ya kuma yarda cewa inuwa kaɗan ce a hanya. Bai dace da ƙananan yara ba, ko dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai hawan jini da bai saba motsa jiki ba. Ba a kuma hawansa ba jagora, domin hanyoyin ba su da alama, duwatsun kuma suna kama da juna idan aka juyo. Akwai ƙungiyoyin matasa masu hawan dutse a Jos da kan fita ranar Asabar, kuma bin su ya fi sauƙi da arha da kwanciyar hankali fiye da mutum ya shirya tasa tafiyar shi kaɗai.

Amurum kuwa wani abu ne daban. Yana kimanin kilomita 15 daga Jos, kusa da ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kuma a nan sai a yi hattara da baki, domin Laminga daban, unguwar Lamingo daban, harafi ɗaya na iya sa direba ya sauke mutum inda bai nufa ba. Faɗinsa wajen hekta 300 ne kacal, amma a cikin wannan ɗan fili an haɗa ƙasa iri uku: tsaunukan dutse masu matsakaicin tsayi, da fili mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, da kurmi mai duhu da ya bi bakin ƙoramu. Mutum zai fito daga ƙarƙashin ɗorawa da maje da kalgo inda rana ke dukansa, ya gangara 'yan taku kaɗan, sai ya ji iska ta sauya ta yi sanyi, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye, maɗaci da ɗinya da ɓaure sun haɗe kai a sama. Wannan sauyi na farat ɗaya shi ne abin da Shere ba shi da shi, shi ne kuma dalilin da ya sa na ce wanda yake son dutse da kurmi a tafiya guda nan ya kamata ya nufa.

A cikin Amurum ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke zuwa karatun digiri na biyu. An ƙididdige tsuntsaye sama da iri 300 a wannan wuri, kuma biyu daga cikinsu suna da labarin da ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya gina sheƙa, sai dai macen ta saka ƙwanta a sheƙar wani tsuntsu ya ƙyanƙyashe ya rena mata, namijin kuma idan ya girma yakan kwaikwayi kukan wanda ya rene shi. Masana sun ji irin wannan tsuntsu na tudun Jos yana rera kukan da bai yi daidai da na tsuntsayen da suka sani ba, suka bi diddigi har suka gano mai renon, wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu wanda sai a 1998 aka shigar da shi littattafan ilimi a matsayin jinsi mai zaman kansa. Na gan shi sau ɗaya da sassafe, bai kai gwara girma ba, yana tsince-tsince a gindin wani dutse, kuma da ɗalibin da ke tare da mu bai miƙo mini madubin hangen nesa ba, da na wuce shi ban waiwaya ba.

Sai dai Amurum wurin bincike ne kafin ya zama wurin yawon buɗe ido, don haka yana da sharuɗɗan da ba kowa zai ji daɗinsu ba. Ana bukatar a tuntuɓi cibiyar a nemi izini kafin a je, ba a zuwa da amon kiɗa ko taron biki, ba a tsinkar tsiro, ba a kuma kunna wuta. Wanda yake son ya shimfiɗa tabarma ya buɗe kular shinkafa yara su yi ta guje-guje, ba nan ne wurinsa ba. Lokacinsa ma ƙayyadadde ne, domin daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma ne kurmin ke cike da kuka da motsi, bayan haka sai ya yi tsit. Da damina ciyawa takan kai ƙugu, raɓa ta jiƙa wando sharkaf, kuma dole a riƙa duba inda ake sa ƙafa saboda maciji.

Idan aka ajiye su biyun kafaɗa da kafaɗa, Shere yana cin yini ya bar mutum da ciwon cinya na kwana biyu, Amurum kuwa yana cin hantsi guda, a dawo masauki kafin azahar a ci gaba da hutu. Shere yana ba da abu guda mai girma, wato tsayuwa a saman duniya, amma abin yana hannun yanayi, idan hazo ya sauka an yi wahalar banza. Amurum yana ba da ƙananan abubuwa masu yawa waɗanda hazo ba ya ɓoye su, kuma tsaunukansa, ko da yake ba su kama ƙafar Shere ba, sun isa mutum ya hau cikin ƙasa da rabin awa ya hangi gonaki da ƙauyuka. Yaro ɗan shekara goma mai jin magana zai iya Amurum, haka ma mace ko namijin da bai saba doguwar tafiya ba. Inda Shere ya yi masa fintinkau shi ne alfahari, domin ba wanda zai koma gida ya tara abokai yana ba su labarin ya ga ɗan jan tsuntsu, amma hoton mutum tsaye a ƙololuwar Filato yana da kasuwa.

Ga mai tafe da iyali gaba ɗaya, da goyo da kaka da 'yan makarantar firamare, amsar ba ta cikin waɗannan biyun. Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, yana gefen gari ta hanyar Miango, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 8, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa gidan kallon dabbobi kawai, su zagaya keji su fita. A ganina babbar darajarsa tana ga hanyoyinsa, domin akwai dajin dogayen itatuwan nan na ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, inda busasshen ganyen ya yi shimfiɗa mai taushi a ƙasa, iska kuma tana wani irin shuuu a samansu wanda ba a ji a dajin ƙasar Hausa. Akwai tudu a ciki ga mai son ɗan hawa, akwai wurin zama ga wanda ya gaji, akwai ƙofa da ma'aikata, kuma ana iya juyowa a kowane lokaci ba tare da an ɓata wa kowa tafiya ba. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ranakun sallah da Kirsimeti wurin yakan cika maƙil, don haka mai neman shiru ya je da safe a tsakiyar mako. Ba zan kira shi daji na haƙiƙa ba, tun da ƙarar motoci ba ta ɓacewa gaba ɗaya, amma shi kaɗai ne a cikin jerin nan da ba ya bukatar shiri ko jagora ko takalmi na musamman.

Dutsen Riyom ba sai an daɗe a kansa ba. Yana kimanin kilomita 25 kudu maso yammacin Jos a ƙasar Berom, duwatsu ne da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, har mutum ya riƙa jin kamar iska za ta ture na sama. Abin mamaki ne ƙwarai, amma wurin tsayawa ne na rabin awa a ɗauki hoto, ba wurin tafiyar ƙafa ba.

Assop ya fi shi bukatar tunani. Magangarar ruwan tana bakin tudun Jos ta hanyar Abuja, sama da kilomita 60 daga gari, a yankin Hawan Kibo, gangaren da duk direban babbar mota ya san shi kuma yake shakkarsa. Tafiyar ƙafar gajeruwa ce, daga bakin titi a gangara cikin kurmin da ya lulluɓe kogin, inda ruwa ke zubowa kan baƙaƙen duwatsu yana feshi, kuma daga Agusta zuwa Nuwamba ƙararsa takan sa sai an ɗaga murya kafin a ji juna. A watan Maris kuwa ruwan ya ja baya ƙwarai, wanda ya je a lokacin zai yi tsammanin an yi masa ƙarin gishiri. Lissafin da nake yi wa Assop shi ne, awa biyu zuwa uku a mota, zuwa da dawowa, domin tafiyar ƙafar da ba ta kai awa ɗaya ba, ciniki ne da babu riba idan daga masauki za a tashi musamman dominsa. Amma wanda ya zo daga Abuja ko Akwanga hanyarsa ce, sai ya haɗa shi da Riyom a ranar komawa gida, ya tsaya nan ya tsaya can. Mu da muke shigowa ta Saminaka daga Kano ko Zariya, ko masu zuwa ta Toro daga Bauchi, ba ma bi ta wajen, don haka sai idan kwanakin hutun sun kai biyar zan ba da shawarar a ware masa yini. A kuma kiyayi duwatsun bakin ruwan, domin gansakuka ta sa sun fi na ko'ina santsi, a riƙe hannun yara, kada kuma a shiga wanka lokacin da kogin ya cika. Gargaɗin wankan ya shafi tafkunan da haƙar kuza ta bari birjik a kewayen Jos da Bukuru, waɗanda ruwansu ke kwance lumui amma zurfinsu ya wuce yadda ido ke zato.

Akwai ma'aunin da ba zai yiwu a tsallake shi ba, wato tsaro. Jos ta ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, kuma har yanzu akan kai hare-hare a ƙauyukan wasu ƙananan hukumomi irin su Riyom da Barkin Ladi da Bassa, ko da cikin gari yana zaune lafiya. Wannan ne ya sa ban sa magangarar Kurra cikin kwatancen ba duk da kyanta, tun da tana can cikin Barkin Ladi. Ta wannan fuska gandun namun daji ne ya fi sauƙi, sai Amurum inda ake shiga da sanin masu wurin, sai Shere idan an bi ƙungiya ko jagora ɗan gari, sannan Riyom da Assop waɗanda suka dogara da halin da hanya take ciki a makon. Al'adata ita ce in tambayi mai masaukina da safiyar ranar, in fita da wuri, in kuma tabbatar na dawo gari kafin la'asar ta yi sanyi. Idan hanya ta ratsa ƙauye, a tsaya a gai da mai unguwa ko dattawan da aka tarar, a faɗi abin da ya kawo mutum, kusan kowa a yankin yana jin Hausa. Wasu duwatsu da kurmi wuraren al'ada ne ga masu ƙasar, idan jagora ya ce ba a shiga nan sai a bi maganarsa ba gardama.

Wurin da aka sauka ma yana da tasiri a zaɓen, domin Jos gari ne mai tsawo kuma cunkoson safe yana cin lokaci. Wanda masaukinsa ke ɓangaren Lamingo ya fi kusa da Shere da hanyar Laminga, wanda ke wajen Tudun Wada gandun namun daji na bayan gidansa, na Rayfield ko Bukuru kuma ya riga ya rage wa kansa hanyar Riyom da Assop. Keke Napep zai iya kai mutum gandun namun daji, amma sauran wuraren sai da motar kai ko shatar tasi, kuma a yi ciniki da direba a kan ya jira, domin samun motar dawowa daga gindin Shere ko Laminga da rana tsaka ba abin dogaro ba ne.

Da za a ba ni safiya ɗaya tak a Jos, a kowane wata na shekara, Amurum zan nufa. Da za a ba ni kwana uku a watan Nuwamba tare da iyali, ranar farko zan kai kowa gandun namun daji don jiki ya saba da iskar tudu, ta biyu in tafi Amurum da manyan yara, ta uku in bar su a masauki in bi 'yan Asabar zuwa Shere, tun da ciwon cinyar da zai biyo baya a kujerar mota zan yi jinyarsa. Idan kuwa hutun ya faɗo a ƙarshen Disamba, zan leƙa waje da asuba in dubi tsaunukan gabas, in ana ganin ƙololuwarsu daga ƙofar masauki in ɗaura takalmi, in kuma hazo ya haɗiye su in soke Shere daga lissafi in sake komawa kurmi.